Gidan da Bai Ga Damina Ba

A gidan mahaifinmu aka haife ni, a nan na yi aure, a nan kuma aka haifa mini 'ya'ya. Mu maza muna da yawa, kowa ya yanki lungu ya kewaye da zana ko langa-langa, har ta kai in ka yi tari a ɗakinka matar ƙaninka ce za ta yi maka sannu daga nata ɗakin. Ni malamin firamare ne a wani gari da ke gefen hanyar Ɗambatta. A wajenmu babu fili na banza. Ko gindin kuka ka zauna ka daɗe, sai mai shi ya zo wucewa ya gaishe ka don ka san da shi.

Shekarun nan ne da farashin kaya ya haukace. Buhun siminti ya kwana da kuɗi ɗaya ya tashi da wani. Albashi sai ya ga dama yake zuwa, in ya zo kuma ba ya zama ya sha ruwa. Gidajen da aka sani da shinkafa suka koma afafata, wato gutsattsarin shinkafa, masu afafata suka koma garin kwaki da rama. Na taɓa gwada yin gini da kaina. Na sayi bulo na jibge a ƙofar gida, kafin in haɗa kuɗin yashi wannan ya ari biyu ya tokare ƙyaure, wancan ya ari uku ya ɗora randa. Saboda haka da aka raba gonar gado na sayar da rabona, maiɗakina ta kwashi adashenta ta haɗa da kuɗin tumakinta, sai muka yanke shawarar mu sayi ginanne tun kafin kuɗin su narke a hannunmu.

Akwai wani Alhaji a garinmu da ya bar fataucin hatsi ya koma gina gidaje yana sayarwa. Gajere ne mai fara'a, carbi a hannu ɗaya waya a ɗaya, kuma ba ya rabuwa da kai sai ya yi maka addu'a har da iyayenka. A lokacin ya gama wani gida a bayan gari, inda gonaki suka fara komawa fuloti. Ya kai ni a bayan babur ɗinsa na gani. Fenti ruwan hoda, ƙofar ƙarfe baƙa da zanen furanni, ɗaki biyu da falo, tsakar gida an daɓe ta da siminti sumul. Ni da na tashi ina kallon azarar da gara ta cinye rabinta, da na ɗaga kai na ga silin fari tas sai na ji kamar an yi mini ƙarin girma a wurin aiki. Muka yi ciniki, na ba da kafin alƙalami, aka sa ranar da zan cika kuɗi a ba ni makulli. Ƙarshen bazara ne, ana zafi kamar a gasa mutum.

A irin wannan ciniki kowa yakan zo da shaidunsa. Ni na aika wa Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa a kara yana saye da sayar da shanu a Ɗambatta. Dogo ne siriri, ba ya rabuwa da sanda, kunnensa ɗaya kuma ba ya ji sosai. Shi wannan kunnen yake juya wa duk wanda ya fara gaya masa farashi. Kawu bai taɓa sayen gida ba, amma ba ya yarda da duk abin sayarwa da ya ga yana sheƙi. Ya sha ganin saniyar da aka ɗura wa gishiri da ruwa ta cika tim da safe, kafin la'asar ta koma ƙashi da fata.

Ranar muka hallara a zauren sabon gidan. Mai unguwa ya zauna a tsakiyar tabarma, Alhaji da shaidunsa a gefe, ni da Kawu a ɗaya gefen. An rubuta takardar ciniki, sa hannu kawai take jira, makullai kuma suna gaban Alhaji ina satar kallonsu. Mai unguwa ya buɗe da addu'a, ya ce to Malam, bismillah. Na zaro waya zan tura kuɗi, babu sabis. Na fita waje na hau tarin yashin da magina suka bari, na juya gabas na juya yamma, shiru. Muka zauna jira. Aka yi hirar tsadar taki, aka yi ta man fetur, hira ta ƙare. Kawu ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya miƙe ya ce bari ya ga ɗakunan da ɗansa zai zauna.

Muna zaure muna jin sandarsa, ƙwas, ƙwas, yana bin bango. Can sai sautin ya canja, kamar an taɓa ganga. Ya sake bugawa, wani abu ya faɗi. Da muka shiga falo muka tarar filasta mai faɗin faifai ta ɓalle, a ƙarƙashinta ga tsaga da yatsa zai shige, an cusa mata takardar buhun siminti an shafe. Kawu ya sa farce ya kankari bulon, yashi ya zubo kamar ana ɓarar da gero. Ya wuce uwar ɗaka, ya rufe ƙofa don ya gwada ta, sai mariƙin ya biyo hannunsa. Ƙofa ta ƙi buɗuwa ta ciki, ta ƙi ta waje. Aka gwada duk makullan nan da nake ta sha'awa, babu wanda ya yi. Dole aka tura a nemo mai walda, mu kuma muka zagaya muka tsaya a bakin taga, Kawu yana ciki ya riƙe ƙarafunan tagar kamar wanda alƙali ya tura gidan yari. Daga nan ya yi tambayarsa.

"Alhaji, gidan nan ya taɓa ganin damina?"

Alhaji ya ce ina zai gan ta, bayan girbi aka sa harsashinsa. Kawu ya gyaɗa kai. Ya ce shi a kara ba a taɓa sayar masa da saniya a kwance ba, sai an tashe ta ta taka ya gani. Gida ba ya tafiya, to aƙalla a bari ruwa ya dake shi.

Daidai nan wayata ta yi ƙara a aljihu, sabis ya dawo. Kowa ya ji, Alhaji ma ya ji. Na dubi Kawu ta cikin ƙarafuna, ya girgiza kai a hankali. Na bar wayar inda take.

Fara'ar Alhaji ta ɗauke. Ya ce tsaga aikin rabin yini ce. Ya ce akwai wani ɗan kasuwa daga Kano da ke ta kiransa a kan gidan nan, shi dai don mutunci ya riƙe mini. In na tsaya jiran ruwa, kuɗin da zan ba shi a lokacin ba za su gina rabin wannan ba. Wannan ta ƙarshe gaskiya ce, kowa ya sani. Mai unguwa dattijo ne mai sanyi, ba ya son a ɗaga murya a gabansa. Ya ce tunda ba a cika kuɗi ba, ba a sa hannu ba, mai saye yana da haƙƙin ya duba abin da zai saya har ya gamsu, amma shi ma mai kaya ba za a rataye shi babu iyaka ba. Ya ba mu zuwa tsayuwar wata mai kamawa. In ruwa bai sauka ba, ko in cika ko in karɓi kafin alƙalamina. Aka shafa fatiha a tsaye a bakin taga don Kawu ya samu ya shafa tare da mu. Mai walda bai iso ba sai bayan la'asar.

A shekarar sai ruwa ya yi jinkiri. An yi sharar gona, an kai taki, masu ƙarfin hali har sun yi binne. Kullum da yamma hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi. Ni kuwa na fi kowane manomi duban sama, ga shi na sayar da gonata. Da abin ya yi tsanani liman ya sa aka fita roƙon ruwa a filin idi. Alhaji ya zo, yana sahun bayana. Labarin cinikinmu ya riga ya gama gari, saboda haka mutane da dama ido ɗaya a sama, ɗaya a kan Alhaji. Daga baya wasu suka rantse hannayensa ba su wuce cibiyarsa ba. Ni ban gani ba, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Abin da na sani, da aka tashi ya kama hannuna ya ce Allah ya ba mu damina mai albarka, sannan ya rage murya ya ƙara da cewa, a lokacin da ya fi alheri.

A gida ma babu sauƙi. Maiɗakina ta riga ta ɗaure kayanta, muna kwana tsakanin ƙulle-ƙulle. Matar ƙanina, wadda za su gaji ɗakinmu, takan shigo gaisuwa tana auna bango da ido. Wata ya fara tsufa, ruwa shiru. Wata rana da hantsi na yi tagumi, maiɗakina tana tsince wake, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Malam, shi kwanon rufi ya san bambancin ruwan sama da na rijiya ne?"

Nan take na gane nufinta: a hau rufin a zuba masa ruwa a gwada shi.

Na je wa mai unguwa da maganar. Ya daɗe yana shafa gemu, ya ce shi dai bai taɓa ji ba, amma bai ga inda aka hana ba. Alhaji ya yi dariya ya ce a zuba, ko kogi za a juyo a juyo. Ina jin ya ɗauka ba zan iya ba, don a lokacin rijiyoyi sun ja baya, jarkar ruwa tana tsada. Na yi ciniki da 'yan garuwa suka cika kurayensu a burtsatse, aka aro tsanin masallaci. Kafin su isa bayan gari rabin garin ya biyo su. Har yau akwai tsofaffin matan da ba su yafe mini ba. Sun ce ana neman na sha, malamin makaranta yana yi wa gida wanka.

Kawu ya zo tun da safe, wannan karon ya ƙi shiga kowane ɗaki sai an tokare ƙofarsa da dutse. Aka sa wa mai unguwa kujera a tsakiyar falo. Maiɗakina da ƙawarta suka tsaya a kicin. 'Yan garuwa suka hau suka fara kwarara daga tsororuwar rufi. Muna jin ruwa yana gudu a kan kwano, muka ɗaga kai gaba ɗaya. Silin fari tas. Alhaji ya fara murmushi, har ya soma ba mai unguwa labarin inda ya sayo kwanon. Yana cikin labarin ɗigo ya sauka a kan hular mai unguwa. Dattijon ya cire hular ya duba, ya mayar, ya ja kujerarsa gefe, sai ga wani a kafaɗarsa. Kawu ya tsinci gawayi yana zagaye duk inda ya ɗiga, kafin wani lokaci daɓen falo ya zama kamar allon 'yan aji ɗaya ranar da ake koya musu sifiri. Daga kicin ƙawar maiɗakina ta leƙo ta ce su can ba ɗiga yake ba, zuba yake, in akwai sabulu a miƙo.

Sai muka ji ƙwaram a sama. Kwano ya ɓurme da ɗaya daga cikin 'yan garuwa, ƙafarsa ta fasa silin ta sauko har gwiwa tana lilo a kan wani daga cikin shaidun Alhaji. Silifarsa ta faɗo tsakiyarmu. Muka yi cirko-cirko. Aka hau aka zaro shi, Allah ya tsare, ƙujewa kawai ya yi a ƙwauri, kuma abin da ya fara tambaya shi ne takalminsa. Alhaji kuwa ya sami abin riƙewa. Ya nuna ramin da carbinsa ya ce jama'a su shaida, an zo an fasa masa gida da rana tsaka.

Washegari aka zauna a zauren mai unguwa, aka kira liman. Ya saurari kowa, har Kawu da ya faro daga tarihin wata saniya mai tari da aka taɓa dawo masa da ita. Sannan ya yi bayani a taƙaice. Ya ce wajibi ne mai kaya ya faɗi aibin da ya sani. Wanda aka ɓoye, in ya bayyana, mai saye yana da zaɓi: ya fasa a mayar masa da abin da ya bayar, ko ya karɓa a kan a gyara ko a rage masa. Wanda kuwa yake a fili, mai saye ya gani da idonsa ya yi shiru ya biya, wannan nasa ne, kada ya dawo gobe yana kuka. Ramin ƙafa kuma yana wuyan wanda ya sa aka hau. Ya juyo ya tambaye ni wanne na zaɓa.

Na yi lissafi. In na fasa, abin da za a mayar mini ya riga ya rame, ko filin ba zai saya ba. Na saci kallon Alhaji, sai na ga shi ma gumi yake yi. Ashe kafin alƙalamina ya daɗe da shiga wani ginin, ɗan kasuwar Kano kuma ba a sake ambatonsa ba, don labarin ƙafar ya riga ya hau mota. Alhaji ya ajiye carbi ya yi magana irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce lokacin da ya fara ginin ya yi lissafinsa daidai, kafin a kai linta siminti ya ninka. Magini ya ce ko a ƙara kuɗi ko a ƙara yashi, shi kuma yashi yake da shi. Kwanon da ya yi niyya, da ya je kasuwa ya ji kuɗinsa sai ya sayo ƙaninsa. Ya ce bai san zai zuba haka ba, amma ya san bai kai ba. Na lura Kawu ya juyo masa da kunnen da ke ji.

Aka tsayar da magana. Alhaji zai gyara rufi, a yi wa tsagar bango ɗinki da rodi da siminti na gaske, a canja makullin uwar ɗaka. Ni zan sayi fallen kwano da silin ɗin da ƙafa ta fasa. In an gama in cika kuɗi in karɓi makulli, amma za a cire wani kaso a bar shi amana a hannun mai unguwa har damina ta zauna sosai. In gida ya tsaya a miƙa wa Alhaji, in wani ɓoyayyen aibi ya fito a gyara daga ciki. Kawu ne ya nace a kan wannan, ya kuma sa aka rubuta shi a takardar ciniki.

An yi gyaran, ba laifi. Na riƙa zuwa bayan an tashi daga makaranta ina tsayawa a kan magina. Ban san abin da nake dubawa ba, na dai lura in ina tsaye sun fi sa siminti. Na cika, muka tare, aka yi 'yar walima da kunu da ƙosai, Kawu ya koma Ɗambatta.

Ba mu daɗe da tarewa ba ruwan farko ya sauka, wata Asabar bayan azahar, kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki hamdala. Ni kuwa na zagaya ɗaki-ɗaki ina bin silin da ido, kusurwa-kusurwa. Ko ɗigo. Na tsaya a tsakiyar falo kaina a sama, ina shirya yadda zan ba Kawu labari, na kira maiɗakina ta zo ta ga ikon Allah. Ta zo bakin ƙofa ta tsaya, zaninta a tattare.

"Malam, ka daina kallon sama. Dubi ƙafarka."

Ruwa ya kai idon sawuna, ja, mai kumfa, takalmana na zuwa makaranta suna shawagi sun nufi uwar ɗaka. Na fito tsakar gida na ga inda yake shigowa. Rariyar da aka huda a gindin katanga don ruwan gida ya fita, ashe ita ce ƙofar shigowar ruwan unguwa, don layin ya fi tsakar gidan tudu. Duk abin da ya gangaro daga gonakin gabas, da karare da ledoji da kashin awaki, nan ya nufo. Muna cikin ɗora katifa a kan kujeru sai ga agwagwar maƙwabta da 'ya'yanta sun biyo rariyar sun shigo a jere, suka zagaya tsakar gida cikin natsuwa kamar masu neman gidan haya. Maiɗakina ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko bokiti biyu ta miƙo mini ɗaya.

Da ruwa ya tsagaita na naɗe wando na nufi gidan Alhaji. Ya tambayi rufi, na ce rufi lafiya lau. Ya yi hamdala ya ce to sai mu je wajen mai unguwa a sakar masa amanarsa. Da na gaya masa abin da ke ƙasa sai ya ce ai duk zaman da aka yi a kan ruwan sama aka yi shi. Wannan kuwa ruwan ƙasa ne, baƙo ne ya shigo, ba daga gininsa ya fito ba. Na ce masa ruwan ai daga sama ya sauko kafin ya zama na ƙasa. Ya ce amma ba a kan kwanonsa ya sauka ba.

Mai unguwa ya ce sai ya gani da idonsa. Ya zo tare da liman, ya dubi taɓon da ya kwanta a tsakar gida, ya dubi gabas, sai ya yi 'yar dariya. Ya ce ai nan hanyar ruwa ce tun suna yara, daidai inda falona yake suke kamun kwaɗi. Ni ɗan ɗaya ɓangaren garin ne, gona kawai na san wurin. Na tambaye shi, cikin ladabi gwargwadon iyawata, me ya sa bai faɗa ba tun farko.

"Ai rufi kuka kawo mini, Malam. Babu wanda ya tambaye ni ƙasa."

Alhaji ya gwada wata ƙofar. Ya ce rariya a fili take, Malam ya gan ta da idonsa ya biya. Liman ya ce rariya dai a fili take, amma inda ruwa zai nufa a cikinta ba ya ganuwa da rani, kuma wanda ya zuba tifa-tifar jar ƙasa kafin ya yi harsashi ba zai ce bai san kwari ya saya ba. Aka yanke a taɓa amana: a toshe rariyar a huda wata ta baya, a ɗaga dokin ƙofa, a haƙa kwata a bakin layi ta kai ruwan kududdufi.

Na zaci Alhaji zai ja, sai ya amince nan take. Dalilin bai ɓoyu ba. Ginin da ke jikin nawa, wanda aka kusa gamawa, shi ma nasa ne, kuma in aka toshe wa ruwa ƙofata tasa ce ta gaba. Amanar ta isa siminti da magini, ba ta isa leburori ba, sai muka yi gayya. 'Yan'uwana suka zo, don su ma ba sa son in dawo. Alhaji ya tuɓe babbar riga ya rataye a kan babur, ya kama shebur. Bai iya haƙa ba, rabin ƙasar da ya ɗebo a ramin take komawa, amma bai tashi ba sai da aka tashi. Ruwan da ya biyo baya ya zo ya bi kwata ya wuce abinsa.

Gidan nasa bai sayu ba. Shekarun suka ƙara tsanani, masu saye suka yi ƙaranci, wanda ya zo kuma sai ya ji labari a bakin titi kafin ya ƙaraso. Daga ƙarshe Alhaji ya sayar da babban gidansa na cikin gari, ya kwaso iyalinsa ya tare a jikina. Maƙwabci ne na kirki, ba zan ɓoye ba. Ranar da ɗiyata ta yi zazzaɓi mai zafi shi ya kai mu asibiti. In hadari ya haɗo mukan haɗu a bakin kwata kowa da sheburinsa muna kwashe leda.

Wuta ba ta cika zuwa unguwarmu ba, shi ya sa ya daɗe a gidan kafin ya gano yadda aka ja masa waya. Wata Juma'a aka kawo ta muna dawowa daga masallaci, sai ga shi ya leƙo ya ce in zo in gani. Ya danna makunnin falo, fitilar banɗaki ta kama. Ya danna na banɗaki, fankar uwar ɗaka ta fara juyawa. Fitilar falon kuwa mun bi duk makunnan gidan ba mu sami nata ba. Ya tsaya yana kallon bango, ya girgiza kai.

"Malam, masu aikin yanzu ba su da tsoron Allah."

Na ce haka ne, Alhaji. Muka fito neman mai gyaran wuta, kafin mu kai bakin titi an ɗauke ta.